Aikin da Yaya Bai Tura Ba

Litinin, da hantsi

Na koma ofis yau. Kowa ya miƙe kamar baƙuwa ce ta shigo, ana ta "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", ni kuwa abin da nake so kawai a ba ni hanya in kai teburina. Na amsa wa na farko da na biyu, sauran na ɗaga musu hannu. Ban kalli teburin Yaya da ke jikin taga ba.

Ko zama ban yi ba Manaja ya leƙo, murya ƙasa-ƙasa, wai in na huta yana son ganina. Na ce ai hutun ne ya ishe ni, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ashe tun da na tafi, manhajar ba ta sake haɗuwa a kwamfutar kowa ba. Manhajar ƙananan asibitocin nan ce da muka yi alkawarin miƙawa ƙarshen wata. Sikirif ɗin da ke tattaro sassanta ya haɗa su wuri guda, da an kunna shi sai ya ɗan yi tafiya ya tsaya, ya ce akwai fayil ɗin da bai gani ba. Duk kwanakin nan ƙartin maza suna zaune sun kasa gano komai, ni suke jira. Wai saboda Yaya ne ya rubuta sikirif ɗin, ni kuma ƙanwarsa ce, sai ka ce a jini ake gadon abin.

Na ce zan duba.

Litinin, da yamma

Na duba. Shirme ne. Kana jina, Yaya? Shirme ka rubuta ka bar min.

Talata, bayan azahar

Rabin yini ina bin fayil ɗin da aka ce ba a gani ba, ashe ba nan ciwon yake ba. Can sama, a layin da ke ɗauko sashenka daga saba, babbar kwamfutar da ke riƙe aikin kowa, ka maƙala masa wata 'yar wutsiya mai cewa ko an samu ko ba a samu ba, a wuce kawai. Wato in abin ya faɗi kada ya yi kuka, ya yi gum ya ci gaba. Shi ya sa yake zuwa can ƙasa ya faɗi a inda ba ruwansa, mutane suna ta tono a wurin da babu komai. Wa ke yin haka? Sau nawa na ce maka kuskure in ya zo a bar shi ya yi ihu? Ka ce min, "Auta, ke dai kina son hayaniya." To ga shirun naka nan, ya tsayar da ofis guda.

Na cire wutsiyar. Yanzu yana faɗin gaskiya: ya je saba neman wata ajiya mai lamba kaza, saba ta ce ba ta san ta ba.

Akwai kuma wani layin a ƙasa da ya fi ba ni haushi. Wai in ba a samu a saba ba, a kwafo daga wata folda, foldar kuma a cikin kwamfutarka take, da sunanka ɓaro-ɓaro. Shi ya sa kullum in an ce maka ba ya aiki sai ka ɗaga kafaɗa ka ce ai a wurinka yana yi. Dole ya yi mana. Yanzu duk kunnawar da zan yi sai sunan nan ya fito min da jan rubutu.

Laraba, da safe

Manaja ya kira taro. Shi ba ya rubuta manhaja, lallaɓa kwastoma ya iya, don haka sai da na sauko masa da zancen ƙasa. Na ce, ranka ya daɗe, aikinmu duka yana cikin babbar ma'ajiya a saba, kowa ya gama nasa sai ya tura can. Amma sashen da ke sa manhajar ta ci gaba da aiki in netwok ya ɗauke, ta kuma daidaita bayanan marasa lafiya in ya dawo, wannan yana cikin wata ƙaramar ma'ajiya daban, ita muke ce wa sabmodul. Babbar ba ta riƙe kayan ƙaramar, lamba kawai take riƙewa, kamar lambar da mai wanki ke ba ka. Yaya ya yi sabon gyara a ƙaramar, ya ba babbar sabuwar lamba, ya tura lambar. Gyaran kansa bai tura ba. Muna riƙe da lamba, kayan kuwa ba su taɓa isa shago ba.

Manaja ya ce, "To kayan suna ina?"

Kowa ya san kwamfutar Yaya ba ta ofis, kowa ya san gidan da take.

Na ce akwai wasu hanyoyin, a ba ni lokaci.

Sai Mai Gilashi, sabon nan da aka ɗauko daga wani babban kamfani, wanda ba ya buɗe baki sai ya ce "a inda na baro", ya gyara zama ya ce, "Malama, ba don in ɓata miki rai ba, amma me zai hana a cire sashen gaba ɗaya? Akwai wanda aka riga aka yi, kowa na amfani da shi. Dama sabmodul ciwon kai ne."

Shekaru Yaya ya yi yana gina sashen nan. Asibiti-asibiti ya bi, yana zama kusa da masu ba da kati yana kallon yadda netwok ke wasa da hankalinsu. Wannan kuma da ko makullin fitilar ofis bai gama sani ba, wai a cire. Na ce masa in ya gama cire na Yaya sai ya haɗa da ni, tunda shi ya kawo ni. Manaja ya ce a yi haƙuri. Wallahi na gaji da kalmar nan.

An tsaya a kan an ba ni har Juma'ar mako mai zuwa. In ba ta haɗu da sashen Yaya ba, Mai Gilashi zai cire ya sa nasa.

Laraba, da yamma

Mama ta kira. "Auta, matar yayanki tana ta tambayarki. Ki daure ki leƙa ta mana." Na ce aiki ya yi min yawa. Ta ce to.

Ban je ba.

Alhamis, da la'asar

Na bi kwamfutar kowa a ofis ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya taɓa kwafar ƙaramar ma'ajiyar daga wurinsa kai tsaye. Na sa kowa ya tashi daga kujerarsa, ba wanda ya yi min musu, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Da a da ne da an ce min in jira. Yanzu kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Na duba tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin firinta, wadda muke gwaji da ita. Na duba filas ɗin ajiye fayiloli da ke cikin durowar ofis, wanda ba a san mai shi ba. Na tono kwafin da saba ke ajiyewa da kanta, ko an tura an goge. Lambar nan ko sama ko ƙasa.

Har na haddace ta. Ina wanke hannu ina karanta ta a zuci kamar lambar waya.

Juma'a, da hantsi

Na ce bari in mai da babbar kan tsohuwar lamba, wadda take nan a saba lafiya lau. Ta ɗauko, ta fara haɗuwa, har na miƙe zaune. Sai ta tsaya. Babbar tana kiran wani aiki da babu shi a tsohuwar, yana cikin sabon gyaran ne kaɗai. Wato ba lamba kawai ka tura ba, har da duk abin da ya dogara da gyaran, gyaran kawai ka riƙe. In da gangan mutum ya shirya wa maƙiyinsa tarko, ba zai fi haka kyau ba.

Mai Gilashi ya wuce ta bayana ya ga jan rubutu, ya yi gaba abinsa. Da ma ya yi magana, da na samu inda zan sauke.

Asabar, da yamma

Na zagaya ta kasuwa don kada in bi ta layinku. Cunkoso kamar me, ga hayaƙi, ga zafi. Wannan ma laifinka ne.

Lahadi, bayan azahar

Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne, kai ne fa ka koya min. Watana na farko a ofis, na gama aiki na ɗauki jaka, har na kai bakin titi ka kira ni. "Kin tura?" Na ce gobe da safe. Ka ce in dawo. Na ce mota na gab da tashi. Ka ce ta tashi. Na dawo ina huci, ka tsaya a kaina hannu a aljihu har na tura, sannan ka yi min lacca a gaban kowa: ba a tashi daga kujera sai an tura, aikin da ke kwamfutar mutum ɗaya ba aiki ba ne, wa ya san abin da zai faru kafin gobe. Har yau in na miƙe zan ɗebo ruwa sai na duba ko na tura.

Malam mai lacca. Ina taka dokar?

Mama ta sake kira. Ban ɗauka ba, ban je ba.

Litinin, da safe

Tunda ba zan samu naka ba, zan rubuta nawa. Na san sunan aikin da babbar ke kira, na san abin da take ba shi da abin da take jira ya dawo mata da shi. Tsakiyar ce kawai babu. Ni ma ai ba a banza nake cin albashi ba, kuma na gaji da a riƙa kallona kamar 'yar rakiya.

Talata, da hantsi

Na shigo na tarar an jibga kwalayen takardar firinta a kan teburin jikin taga. Na tambaya wa ya sa, kowa ya mai da kai kan kwamfutarsa. Na kwashe su ɗaya-ɗaya na zube a ƙofar ofishin Manaja, ta yadda sai ya tsallake zai fito. Ya tsallake, ya kalle ni, ya wuce. Duk faɗin ofis ɗin nan a rasa inda za a ajiye kwali sai nan.

Laraba, da la'asar

Ta haɗu!

Daga farko har ƙarshe, ba ja ko ɗaya. Na sake kunnawa don in tabbatar, ta sake haɗuwa. Na juya fuskar kwamfutar yadda Mai Gilashi zai gani daga inda yake, na tashi na haɗa shayi ina taku ɗaya-ɗaya. Ka gani ko, Yaya? Riƙe abinka. Ba sai an je ko'ina ba.

Alhamis, bayan azahar

Mai Gilashi ya zo ya tsaya a gefen teburina, ya ce, "Malama, in kina da lokaci, zo ki ga wani abu." A hankali ya faɗa, yadda ba wanda zai ji.

Ya ɗauki kwamfuta biyu kamar na asibiti ɗaya, ɗaya ta mai ba da kati, ɗaya ta ɗakin magani. Ya cire musu netwok, ya shigar da mara lafiya na gwaji, ya rubuta an ba shi allura. Ya mai da netwok. Mara lafiyan ya zama mutum biyu, ɗaya an yi masa allura, ɗaya ba a yi ba. Duk nas ɗin da ta buɗe na biyun za ta sake yi masa.

Na ce kuskuren gwajinsa ne. Ya ce to mu sake. Muka sake, na yi da hannuna, mutum biyu. Na yini ina toshe wannan rami wani na buɗewa. In na hana mutum ɗaya rabuwa biyu, sai mutum biyu masu suna iri ɗaya su haɗe su zama ɗaya, wanda ya fi muni. Ashe wannan ne ciwon da Yaya ya gyara. Na tuna yana ta mita a kansa a mota, ni kuma ina danna waya ina cewa uhm.

Haɗuwa dai ta haɗu, amma ba zan kai wa asibiti abin da zai sa a yi wa ɗan wani allura sau biyu ba. Na goge nawa da kaina.

Alhamis, da yamma

Na tsane ka yau. Na rubuta, ba zan goge ba. Danna maɓalli ɗaya ne fa. Ɗaya.

Juma'a, da hantsi

Ranar da aka ba ni ta cika. Manaja ya kira mu ni da Mai Gilashi, ya rufe ƙofa. Na shirya faɗa tun daga gida, na tanadi maganganu masu zafi, sai Mai Gilashi ya riga ni.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na gwada wancan da na ce a sa. Yana aiki, amma in netwok ya daɗe bai dawo ba yana zubar da bayanai. Na karanta tsohon na Yayanta, gaskiya ya fi shi nesa ba kusa ba. In za a ƙara mata zuwa Litinin, a ƙara. In ba a samu ba dole in sa wancan, mu lallaɓa." Sai ya juyo gare ni. "Malama, in zuwan ne da wuya, ni zan iya zuwa in karɓo kwamfutar."

Na ce ba wanda zai taɓa ta. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga an ɗago kai a waje.

Manaja ya cire hularsa ya ajiye a tebur. Ya ce, "To, 'yata, ke ɗin ce za ki je. Ni ma tare muka fara wurin nan da shi, da tebur ɗaya. Ba na so in cire. Amma Litinin da safe zan ba da umarni."

Mutum ya shirya wa maƙiyi sai ya tarar babu maƙiyin. Na fito ina jin haushin Mai Gilashi fiye da ranar da ya ce a cire.

Asabar, da safe

Na sa mayafi, na ɗauki jaka, na zauna a bakin gado. Na cire mayafin. Ban je ba.

Asabar, da la'asar

Saƙo daga Anti, matar Yaya. Ba gaisuwa, ba ƙorafi. "Auta, na ji ana neman kwamfutarsa. Tana nan a kunne tun ranar, ban bari ta ɗauke ba. Ki zo ki yi abin da za ki yi, na gaji da gadinta."

Lahadi, da yamma

Na je.

Ita ta buɗe ƙofa. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Na buɗe baki zan gaishe ta, ta ce, "Shigo kawai, Auta, duk wanda ya zo abu ɗaya yake faɗa." Na ji daɗin haka fiye da duk wata magana da aka yi min a watan nan.

Kwamfutar tana kan ɗan teburin kusurwar falo, a buɗe. Anti ta naɗe kan cajar da salatif a jikin soket don kada ya zame. Ta ce in wuta ta ɗauke sai ta rungume ta a buɗe haka ta kai gidan maƙwabta masu sola, ta zauna a falonsu har a dawo da wuta. Wai ai kullum cewa yake kada a kashe masa, akwai aiki a ciki, sai ta ɗauka da ta ɗauke shi ke nan komai ya tafi. Na san ba haka abin yake ba, ko an kashe aikin na nan. Ban faɗa mata ba, kuma ba zan taɓa faɗa mata ba.

Kwamfutar ta nemi kalmar sirri. Na tsaya ina kallonta, ban sani ba. Shekara da shekaru ina zaune kusa da mutumin nan ban sani ba. Anti ta sunkuyo, ta ɗan kare da kafaɗarta, ta danna da yatsa ɗaya. Na kau da kai. Har da wannan sai da na ji kishi, Allah ya shirye ni.

Komai yana nan yadda ya bari. Baƙar tagar umarni a buɗe, tana cikin ƙaramar ma'ajiya. Na nemi jerin ajiyoyi, ga ta a sama, lambar da na haddace, harafi bayan harafi. Na buɗe gyaran. Na zaci zan ga shafuka, sai na ga bai cika fuskar kwamfuta ba. Ya daina dogara da suna ko lokacin da aka shigar da mara lafiya. Kowace kwamfuta tana ba mutum alamarsa tun a karon farko, alamar ce ke binsa duk inda ya je, in netwok ya dawo ita ake dubawa. Shi ke nan. Abin da na yi kwanaki ina dambe da shi. Na yi tsaki da ƙarfi har Anti ta ce lafiya. Na ce lafiya lau, mijinki ne ɗan rainin hankali. Ta yi dariya, ta rufe baki da sauri.

Na duba umarnin da ya ba ta na ƙarshe, ko ya gwada turawa netwok ya hana shi. Ina so in samu haka, in samu wanda zan ɗora wa laifi. Babu. Ya tura babbar, ya shiga ƙaramar, daga nan ba komai.

Na ce, "Anti, me ya tashe shi?"

Ta ce, "Waya aka yi masa. Ya ce kada in rufe, yanzu zai dawo."

Na juya ga kwamfutar.

Na rubuta umarnin turawa. Kalma biyu ce. Na daɗe ina kallonta, Anti na tsaye a bayana, ina jin numfashinta. Na danna. Kwamfutar ta ɗan yi tunani, layuka suka gudu, ta ce an tura.

Sai wayata ta yi ƙara a kan tebur.

Na manta sam. Duk wanda ya tura aiki, saba tana aika sanarwa zauren hirar ofis na waya da sunansa da hotonsa, kuma da makullinsa na tura, ba nawa ba. Fuskar wayar ta haska tsakanina da Anti: hotonsa, wannan da yake ƙyafta ido saboda rana, da sunansa, ya tura sabon aiki, yanzun nan.

Anti ta riƙe bayan kujera. Ta ce, "Auta, mene ne wannan?"

Na ce, "Na'ura ce, Anti. Ni ce na tura, sunansa kawai ta ɗauka."

Ta ce, "Na sani. Bar shi, kada ki goge." Ta karɓi wayar ta zauna a ƙasa tana kallo. In hasken ya dushe sai ta taɓa ya dawo. Na zauna kusa da ita. Abin da muka yi bayan nan ba na rubutawa ba ne.

Wayar ta yi ringin a hannunta, Manaja ne. Na ɗauka, ya ce, "'Yata, ke ce ko?" Na ce ni ce. Ya ce, "To. To, madalla." Muryarsa ba tasa ba ce.

Da zan tafi Anti ta ce, "Yanzu zan iya kashewa?" Na ce e. Ta ce in kashe da kaina. Na kashe, ita kuma ta ɓare salatif ɗin.

Litinin, da hantsi

Ta haɗu a kwamfutar kowa. Mai Gilashi ya sake gwajinsa na kwamfuta biyu, ya cire netwok, ya mayar, mutum ɗaya, allura ɗaya. Ya gwada masu suna iri ɗaya, kowa ya tsaya a matsayinsa. Ya cire gilashin ya goge ya ce, "Kai, mutumin nan." Manaja ya ce ba abin da za a cire, sashen Yaya ne zai tafi asibitoci. Har da tafi aka yi. Na ci nasara ke nan, in ji su.

Talata, bayan taron safe

An yi taro yau. An yi maganar ranar miƙawa, da wanda zai je koya wa nas-nas, da wani maɓalli da kwastoma ke so a canza masa launi. An tashi. Sai da na dawo teburina na gane abin da ke damuna: ba wanda ya ambace ka.

Duk makonnin nan ba ranar da ba a kira ka a ofis ɗin nan ba. Ya Yayanki yake yin kaza, me Yayanki yake nufi da wannan layin, bari mu ga abin da ya sa a nan. Ni kuma kullum ina da abin da zan zo in faɗa maka, ko da zagi ne. Yanzu aikin yana tafiya sumul, ba mai tambaya, kuma da hannuna na yi.

Na kunna sikirif ɗin ba don komai ba. Ya tafi har ƙarshe bai nemi kowa ba. Na sake kunnawa, ko zai yi tuntuɓe. Bai yi ba.

Na yi ta zaginka a kan ka tafi ka bar min aiki. Yanzu na gama, ba ka bar min wani ba. Wannan ne ban yafe maka ba, Yaya.